Giya Ta Maƙale A P? Kafin Ka Kira Janwe, Duba Waɗannan

Motocin da ke canza giya da kansu, waɗanda muke ce wa otomatik, sun cika titunanmu. Corolla, Camry, Accord, Civic, Sienna, duk inda ka waiga su ne. Da yawa daga cikinmu ɗalibai muna taɓa tuƙi, ko motar gida idan an aike mu, ko ta yaya, ko wadda wani ke ɗan neman kuɗin makaranta da ita. Akwai wata matsala da irin waɗannan motoci ke yi wadda ke ɗaga hankalin direba fiye da girmanta: ka shiga, ka tayar da mota lafiya lau, inji na aiki, ka taka birki, ka kama sandar giya za ka ja, ta ce ba inda za ta. Ta kafe a kan P kamar an yi mata walda.

A nan ne ake yin asara iri biyu. Wani zai sa ƙarfi ya yi ta fizga har ya karya wani abu a cikin kan giyar. Wani kuma zai kira makaniki a rikice, a ce masa ai giyabos ne ya mutu, sai an sauke. Alhali a mafi yawan lokuta abin da ya jawo matsalar bai kai girman babban yatsa ba, kuma yana nesa da giyabos ɗin ma. Rashin sani dai, kaza ta kwana a kan dami. Don haka bari mu bi abin daki-daki.

Makullai biyu ne, ba ɗaya ba

Idan ka sa mota a P, abubuwa biyu ne ke kullewa, kuma kowanne aikinsa daban.

Na farko yana can cikin giyabos. Akwai wani faifan ƙarfe mai haƙora da ke juyawa tare da sandar da ke kai ƙarfi zuwa tayoyi. Kusa da shi akwai ɗan guntun ƙarfe da ke aiki kamar sakatar ƙofa. Da ka sa P, sakatar nan sai ta faɗa tsakanin haƙora biyu, faifan ya kasa juyawa, tayoyin da ke jan motar su ma su tsaya. Shi ke nan abin da ke riƙe mota a P. Ba birki ba ne, guntun ƙarfe ne kawai ya tokare.

Na biyu yana ƙarƙashin sandar giyar da kake kamawa da hannu. Shi wannan na lantarki ne. Wani ɗan fil ne ke tare sandar don kada ta bar P, kuma abin da ke janye fil ɗin shi ne solonoyid, wato naɗin waya da ke zama maganaɗisu idan wuta ta ratsa shi. Wutar ba ta isa wurinsa sai an cika sharuɗɗa biyu: makulli yana kan ON, kuma ƙafarka tana kan birki. Ta yaya motar ke sanin ka taka birki? Ta hanyar wani ɗan makunni da ke saman fedar birki, wanda shi ne dai ke kunna jajayen fitilun baya. Riƙe wannan maganar da kyau, domin ita ce mabuɗin ganowa.

To me ya sa aka ƙirƙiro wannan kulle na biyu? A tsakiyar shekarun 1980 an yi ta kai ƙara a Amurka cewa motar Audi 5000 tana zabura da kanta da zarar an cire ta daga P. Tashar talabijin ta CBS ta yi shiri a kai a watan Nuwamba na 1986, kuma a 1987 kamfanin ya kira motocin ya sa musu na'urar da ke hana motsa giya sai an taka birki. Daga baya, a 1989, hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka, NHTSA, ta fitar da rahoto cewa babban dalili shi ne direbobi na taka totur suna zaton birki ne. Sauran kamfanoni suka bi sahu sannu a hankali. A 2008 aka sa hannu a wata dokar kare yara a Amurka, wadda ta wajabta wannan kulle a kan sababbin motoci otomatik daga 1 ga Satumba 2010, saboda yara kan ja sandar giya suna wasa motar ta gangara. Tunda yawancin tokumbo da ake kawo mana daga can suke, kusan kowace otomatik da za ka hau tana da shi.

Kafin ka taɓa komai

Ja birkin hannu har ƙarshe. Idan wurin yana da ɗan gangare, nemi dutse ko katako ka sa weji a taya. Dalili shi ne duk abin da za ka yi nan gaba ƙoƙari ne na cire sakatar da ke riƙe da motar, kuma da ta fita nauyin motar zai koma kan birki. Kada kowa ya tsaya a gaba ko bayan motar, musamman yara masu zuwa kallo.

Sannan ka tabbatar da abu mafi sauƙi: makullin ya kai ON kuwa? Fitilun dashbod sun kama? A motoci masu maɓallin tayarwa, danna sau ɗaya ba tare da birki ba rediyo kawai yake kunnawa. Kuma ka taka birkin sosai, ba shafa ba. Duba ko dardumar ƙasa ko robar ruwa ta shige ƙarƙashin feda ta hana ta sauka.

Kunne da ido su ne kayan aikinka na farko

Kashe rediyo da esi, rufe gilasai, ka sa makulli a ON. Kai kunnenka kusa da gindin sandar giya ka taka birki, ka saki, ka sake takawa. A mota mai lafiya za ka ji wani ɗan sauti, ƙat, duk lokacin da ka taka. Solonoyid ɗin ne ke janye fil.

Sai ka roƙi wani ya tsaya ta gefen baya ya gaya maka ko jajayen fitilu na kamawa. In kai kaɗai ne, da dare haskensu zai nuna a bango ko jikin motar da ke baya, da rana kuma ka jingina wayarka ta ɗauki bidiyo. Amsoshin nan biyu su ne za su raba maka hanya.

Babu sauti, fitilun birki ma ba sa kamawa

Wannan shi ne ya fi yawa, kuma shi ne mafi arha. Zargi na kan abubuwa uku: fiyus, makunnin birki, ko batir.

Fara da fiyus. Akwatin fiyus yakan kasance a ƙasan sitiyari ta gefen direba, akwai kuma wani a cikin bonet. A jikin murfin akwai zane da ke nuna aikin kowanne. Nemi wanda aka rubuta wa STOP. Zare shi ka ɗaga a haske: idan siririn ƙarfen da ke ciki ya tsinke, ya ƙone. Sa wani mai lamba iri ɗaya. Launi ma na taimakawa: ja amfiya 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20. Kada ka sa wanda ya fi lamba, kuma don Allah kada ka yarda a naɗe shi da zaren waya ko takardar kwalin taba kamar yadda wasu ke yi. Aikin fiyus shi ne ya mutu a madadin wayoyin motar. In ka hana shi mutuwa, wayoyin ne za su narke, wani lokaci har gobara.

Idan ka sa sabo ya sake ƙonewa da ka taka birki, to akwai inda waya ke taɓa jikin mota. Wuraren da aka fi samu su ne mazaunin ƙwan fitilar baya da ruwa ya shiga ya yi tsatsa, wayar da ɓera ya ci, jonin da aka yi lokacin ƙara fitilun ado, ko ƙwai mai zare ɗaya da aka cusa a gurbin mai zare biyu. Wannan aikin rewaya ne, ba na makanikin inji ba.

Idan fiyus lafiya yake, leƙa saman fedar birki da fitilar waya. Za ka ga ɗan makunni mai tsinke da ke taɓa hannun fedar. Duba ko soket ɗinsa ya zare, domin ƙafa ko masu wankin mota kan ture shi. In soket na nan daram, mai yiwuwa makunnin ne ya gaji. Wanda ke da maltimita zai iya gwadawa: ƙafa ɗaya ta soket ɗin tana da wuta kullum, ɗayar kuma sai an taka birki take samu. Idan wuta na shiga ba ta fita, makunni ya mutu. Canza shi ba ya cin lokaci, sai dai a daidaita shi yadda fitila za ta kama da an ɗan taɓa feda, ta kuma mutu da an saki.

Akwai wata 'yar roba da ke manne a jikin fedar daidai inda tsinken makunnin ke taɓawa. A tsofaffin motoci, musamman Honda, zafi kan busar da ita ta farfashe, ka ga gutsattsarinta a kan darduma. In ta faɗi, makunnin sai ya ɗauka kullum birki a take yake, fitilun baya su kwana a kunne, batir ya ƙare kafin safiya. Ka ga a nan giyar ta maƙale ne saboda batir, amma asalin mai laifin 'yar roba ce.

Batun batir kuwa, solonoyid ba ya aiki sai da wuta. Cikakken batir yana nuna kusan volt 12.6 idan mota a kashe take, idan inji na aiki kuma altaneta kan kai shi tsakanin 13.5 zuwa 14.5 ko kusa da haka. Idan fitilun dashbod sun dushe, ko kik yana ƙara-ƙara ba ya juya inji, duba kawunan batir ko sun yi sako-sako ko sun tara farin gari. A tsaftace, a ɗaure, in ya ƙi a jona da batirin wata mota.

Babu sauti, amma fitilun birki na kamawa

Nan zargi ya koma kan solonoyid ɗin kansa, ko wayar da ke zuwa wurinsa, ko fiyus ɗin da ke ba shi wuta daga makulli. Amma kada a wanke makunnin birki gaba ɗaya tukuna. Wasu makunnan ƙafa huɗu ne da su, layi ɗaya na fitila, ɗayan na kwamfutar mota, kuma ɗaya kan iya mutuwa ɗaya na aiki. Rewaya mai gwadawa da mita zai bambance, mai canke kuwa zai sa ka sayi abin da lafiyarsa ƙalau.

Sai kuma abin da mu da kanmu muke jawowa. Wurin ajiye kofi yana dab da sandar giya a yawancin motoci. Lemo, shayi mai sukari, zoɓo, kunun aya, duk wanda ya zube yakan gangara ciki. In ya bushe ya zama danƙo, ƙurar hunturu ta zo ta hau kai, sai fil ɗin ya manne. Wani lokaci za ka ji sautin a raunane, fil na ƙoƙari amma ya kasa fita. Maganinsa a cire murfin gindin giya a wanke da feshin tsaftace kayan lantarki, a sa ɗan man shafawa kaɗan. Kada a kwarara ruwa ko man juye a wurin.

Akwai sauti, fitilu na kamawa, amma sanda ta yi nauyi

Tambayi kanka: a ina na ajiye motar? Idan a kan gangare ne, ko taya ta matse da bakin kwata, kuma ba a ja birkin hannu ba, to wannan sakatar cikin giyabos ce ta ɗauki nauyin motar baki ɗaya. Mota mai nauyin tan ɗaya da rabi ta jingina da guntun ƙarfe, dole ya cije. Lantarki lafiya lau yake, nauyi ne ya hana.

Abin yi shi ne a sauke mata nauyin. A matsar da motar ta ɓangaren tudu kaɗan, ko da faɗin yatsu biyu ne, sannan direba ya danne birki sosai ya riƙe ta a nan, ya ja giya. Idan gangaren ba shi da yawa, mutum biyu ko uku za su iya turawa, da weji a shirye a bayan taya. Idan mai tsanani ne kada mutane su tsaya ta ƙasan motar, a ɗaura igiya wata mota ta ɗan ja ta daga sama. Lokacin da giyar ta fita za ka iya jin ƙara mai ƙarfi, gam. Sakatar ce ta kuɓuce.

Idan sanda tana yawo amma mota ba ta motsi

Wannan wata matsala ce daban da ake rikitawa da ta farko. Sandar tana tafiya daga P zuwa D sakayau babu nauyi, amma motar na nan a kulle. Tsakanin sanda da giyabos akwai kebul, kuma a bakinsa akwai bushin na roba. In ya ci ya faɗi, kebul ya zare, hannunka na motsa iska ne kawai. Shi ma ƙaramin gyara ne, ba sai an sauke giyabos ba. Amma hatsarinsa babba ne, domin yana iya zarewa a lokacin da sanda ke nuna P alhali giyabos na kan N ko D. In ka ji sanda ta fara lilo, a duba tun kafin ta kai ga haka.

Ƙofar gaggawa da masu ƙera mota suka bari

Kamfanoni sun san lantarki na iya cin amana, shi ya sa suka bar hanyar buɗe kullen da hannu. Duba kusa da sandar giya, za ka ga ɗan murfi mai kusurwa huɗu bai fi farce girma ba, ko wani ƙaramin maɓalli da aka rubuta wa SHIFT LOCK. A yawancin Toyota murfi ne ko maɓalli, a Honda kuma rami ne da makullin motar ke shiga daidai.

Ga yadda ake yi. Birkin hannu a ja. Ƙafa a kan birki, kada ka ɗaga. Ɓalle murfin da bakin sukudireba, ka naɗa masa ƙyalle don kada ya karce. Cusa makulli ko sukudireban ka danna ƙasa, ka riƙe. Da ɗaya hannun ka danna maɓallin sanda ka ja zuwa N. Otomatik tana tashi a P ko N, don haka sai ka tayar da inji a N ɗin, sannan ka sa D ko R ƙafarka na kan birki.

Abubuwa uku za ka sani game da wannan hanya. Na ɗaya, ba gyara ba ce. Da ka mayar da sanda P za ta sake kullewa. Na biyu, idan fitilun birki ba sa aiki, wanda ke binka a baya ba shi da labarin za ka tsaya. A titin da ke cike da 'yan adaidaita da babura da manyan motoci, wannan ba wasa ba ne, kuma laifi ne da jami'an kiyaye haɗurra za su iya tsare ka a kai. Tafi a hankali, da rana, kana nuni da hannu, zuwa garejin da ya fi kusa, ba ka ci gaba da hidimarka ba. Na uku, idan inji a kashe yake kuma turawa za a yi, bayan taku biyu ko uku birki zai yi tauri, sitiyari ma ya yi nauyi, domin duka biyun injin ne ke taimaka musu.

Wasu sababbin motoci ba su da kebul ko kaɗan, giyarsu maɓalli ce ko abin murzawa da ke aika saƙo ga kwamfuta. Su hanyar buɗe su daban ce, kowace da tata. Littafin motar ne zai nuna, in babu shi a cikin mota ana samunsa a intanet da sunan motar da shekararta.

Abubuwan da ba a yi

Ba a tura otomatik don ta tashi kamar mai kuloci. Famfon da ke tura man giya injin ne ke juya shi, in inji bai tashi ba babu abin da zai haɗa taya da inji. Za ku gaji a banza. Saboda wannan dalilin ne ma ba a jan ta da igiya tafiya mai nisa tayoyin da ke jan motar na ƙasa: kayan ciki na juyawa babu mai, sai su cinye juna. Janwe ya ɗaga tayoyin, ko a ɗora ta gaba ɗaya. Jan ta kuwa tana kan P shi ne mafi muni, yana iya karya sakatar ko ya lalata tayoyi.

Sannan in wani ya ce bari ya cire fil ɗin gaba ɗaya ka huta, ka ce masa a'a. Ranar da ƙaninka ɗan shekara huɗu zai shiga motar yana wasan direba a ƙofar gida, wannan fil ɗin ne ke tsakaninsa da gangarawa titi.

Yadda za ka yi magana a gareji

Bambanci ne babba tsakanin wanda ya ce "giyata ta lalace" da wanda ya ce "Oga, fitilar birki ba ta kamawa, fiyus lafiya, ina ganin makunnin feda ne, a gwada mini da mita." Na farko ya buɗe ƙofar kowane irin lissafi. Na biyu ya nuna ya san inda aka dosa. Fara da rewaya kafin mai giyabos. Ka nemi a gwada a gabanka, kuma a ba ka tsohon abin da aka cire. Idan mota tana shiga D da R lafiya bayan ka buɗe kullen da hannu, tana kuma canza giya daidai a hanya, to babu dalilin sauke giyabos saboda wannan matsalar.

Ɗabi'ar da za ta raba ka da rabin wahalar

Duk lokacin da za ka tsaya, musamman a gangare, bi wannan tsarin: taka birki motar ta tsaya cak, sa N, ja birkin hannu, ɗan sassauta ƙafa nauyi ya zauna a kan birkin hannun, sake taka birki, sannan ka sa P. Wajen tashi kuma ka taka birki, ka sa giya, sannan ka sauke birkin hannu. Kada ka taɓa jefa P mota na ɗan gangarawa. Sau ɗaya a mako ka sa wani ya duba maka fitilun baya. Ajiye fiyus biyu ko uku da ƙaramin sukudireba a aljihun dashbod, kuma yau ɗin nan, tun mota na lafiya, ka nemo inda ɗan murfin nan yake a taka motar. Neman sa da tsakar dare a bakin hanya da fitilar waya ba daɗi.